“An Mayar da Su”: Wane Ne Wannan “An” Ɗin?

 Wannan makon alƙalami ya faɗo hannuna, kuma faɗa zan yi da shi. Wanda na taka ya yi haƙuri, amma ba zan janye ƙafata ba.

Faɗan nawa a kan wata 'yar kalma ce mai harafi biyu, wadda muka mayar bargon rufe laifin manya. Duk mai karanta gajerun labarai da waƙoƙin da muke rubutawa kan masu ƙetare Sahara ya haddace jimlolin: an kama su, an kore su, an zubar da su a daji, an mayar da su inda suka fito. Wa ya kama? Wa ya kora? Wace gwamnati ta ba da mota, wace ce ta biya kuɗin mai, wane jami'i ya sa hannu? Shiru kake ji. Hausa ta ba mu “an” da “aka” don mu sakaya suna inda kunya ko ladabi suka hana faɗa, mu kuma mun ɗauka muna sakaya sunayen ƙasashen da suka taka dokar da suka amince da ita da bakinsu. Mutum ɗaya kawai muke kiran sunansa a labarin, wato wanda ya gudu. Shi muke ɗora wa kwaɗayi da rashin godiyar Allah, mu kashe shi a cikin rairayi a shafin ƙarshe, mu rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sannan akwai tambayar da kullum sai wani ya jefo ta idan aka taɓo wannan batu: in da gaske gudun mutuwa yake yi, me ya hana shi tsayawa a ƙasar farko da ya shiga? Tambayar tana da daɗin ji, shi ya sa muka ɗauke ta muka sa a bakin taurarin labaranmu kamar hikima. Amma ba a zauren Zariya ko na Kano aka haife ta ba. Tambayar ministocin cikin gida na Turai ce, kuma sun ƙirƙire ta ne don nauyi ya sauka daga kansu ya hau kan wanda Allah ya ajiye ƙasarsa kusa da wuta. Abin da nake son kafawa a nan shi ne: ratsa wata ƙasa ba ya zubar wa mai neman mafaka da haƙƙinsa, kuma duk ƙasar da ya shiga hannunta, alhakin rayuwarsa yana wuyanta, ko ta tura shi gaba ko ta biya wani ya tare shi.

Mu fara da kalmomi, tunda su ne jarinmu

Mutum uku ne muke cusawa a buhu ɗaya mu rubuta “baƙin haure” a jiki. Akwai ɗan ci-rani, wanda ya fita neman abinci kuma in ya ga dama gobe ya koma gida ya kwana lafiya. Akwai ɗan gudun hijira, wanda yaƙi ko zalunci ya kora, komawa gida a gare shi kurkuku ne ko kabari. Akwai kuma mai neman mafaka, wanda ya ce shi ɗan gudun hijira ne, yana jiran hukuma ta saurare shi ta tantance. Su ukun suna iya hawa mota ɗaya daga Agadas, su sha ruwa a jarka ɗaya, amma a gaban doka ba ɗaya suke ba. Kuma babu yadda za a yi a san wane ne wane sai an zaunar da kowa an ji ta bakinsa. Ku riƙe wannan, domin duk rigimar a nan take: ƙasashe suna neman dabarar da za su kauce wa wannan zaman sauraro.

Me dokar ta ce?

Uwar dokokin wannan fanni ita ce yarjejeniyar Geneva ta 1951, wadda aka faɗaɗa a 1967 ta game duniya. Nijeriya tana ciki, Nijar tana ciki, Kamaru da Aljeriya suna ciki, haka duk ƙasashen Tarayyar Turai. Sashe na 33 ya hana kowace ƙasa mayar da ɗan gudun hijira, ta kowace irin hanya, zuwa inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. “Ta kowace irin hanya” ɗin nan ya haɗa da tura shi wata ƙasa wadda ka san ita ce za ta ƙarasa aikin. A duk faɗin yarjejeniyar babu sashen da ya wajabta wa mutum neman mafaka a ƙasar farko da ya taka. Wanda ya ce akwai, ya kawo mana lambar sashen a ƙasan wannan rubutu.

Abin da masu wancan ra'ayi ke fakewa da shi shi ne sashe na 31, wanda ya hana a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo ba takarda, matuƙar ya taho kai tsaye daga inda ake barazana gare shi. Sai su kama “kai tsaye” su ce ka ga, wanda ya ratsa ta wata ƙasa ya fita daga ciki. To sashen yana magana ne kan hukuncin shigowa ba takarda, bai taɓo haƙƙin neman mafaka ba. Ko a kan hakan ma, wata babbar kotu a Ingila ta yanke a 1999, a shari'ar da aka sani da sunan Adimi, cewa ɗan yada zango a hanya ba ya hana a ɗauki mutum a matsayin wanda ya taho kai tsaye.

Mu a Afirka muna da tamu wadda ta fi waccan faɗin ƙirji. A 1969, a Addis Ababa, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince cewa wanda mamaya ko mulkin baƙi ko rikicin da ya dagula zaman lafiya ya kora shi ma ɗan gudun hijira ne, ba sai an bi shi da sunansa ana nema ba. Ta hana a juya mutum daga bakin iyaka. Ta kuma ce ƙasar da nauyin ya yi wa yawa ta nemi sauran ƙasashe su rage mata. Wato maganinmu na yawan baƙi shi ne a raba kaya, ba a rufe ƙofa ba. Sai kuma yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam ta 1981, wadda sashenta na 12 ya haramta korar baƙi a jimlace. Nijeriya ta mayar da wannan yarjejeniya dokar cikin gida tun 1983.

To daga ina “ƙasar farko” ta fito?

Daga birnin Dublin. A 1990 ƙasashen Turai suka ƙulla wani tsari a tsakaninsu, suka sabunta shi a 2003 da 2013. A taƙaice: idan mai neman mafaka ba shi da iyali na kusa a wata ƙasar, kuma babu wadda ta ba shi biza, to ƙasar da ya fara shigowa ta cikinta ba takarda ita za ta saurari ƙararsa. Ana ɗaukar zanen yatsunsa a ajiye a na'ura, in ya ɓulla a Jamus ko Faransa sai a duba a mayar da shi Italiya ko Girka. Ku lura, rabon aiki ne tsakanin gwamnatoci, kamar yadda masu unguwa za su raba wa kansu shara. Bai zama farilla a kan wanda ya gudo ba, kuma bai hau kan Nijar ko Nijeriya ba.

Ku dubi taswira ku ga wayon. Jamus ba ta da gaɓar teku da ke kallon Afirka. Holan ma haka. Jirgin roba daga Libiya ba zai taɓa sauka a can ba. Don haka tsarin ya ɗora kayan kan Italiya da Girka da Malta da Sifen, alhali waɗanda suka fi kuɗi suna can baya sun harɗe ƙafa. In jifa ta wuce kanka, ta faɗa kan uban kowa. A sabon tsarin da suka amince da shi a 2024 ma ba su jefar da wannan ƙa'ida ba. Abin da suka ƙara shi ne ƙasar da ba ta son karɓar rabonta na mutane tana iya biyan Yuro 20,000 kan kowane mutum ɗaya.

Kotunsu da kanta ta sha taka musu birki. A 2011 kotun haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta sami Beljiyam da laifi don ta mayar da wani ɗan Afganistan Girka, alhali ta san halin ƙunci da masu neman mafaka ke ciki a can. Hujjar “ai ta can ya fara shigowa” ba ta wanke ta ba. A 2012 kotun ta sake samun Italiya da laifi a shari'ar Hirsi Jamaa. Jiragen Italiya sun tare 'yan Somaliya da 'yan Iritiriya a tsakiyar Bahar Rum a 2009, suka sauke su a Tarabulus ba tare da an tambayi kowa komai ba. Kotu ta ce tun daga lokacin da suka taka jirgin Italiya suna ƙarƙashin ikonta, ko da kuwa a tsakiyar teku ne.

Kuna tsammani sun tuba? Darasin da suka ɗauka shi ne: kada ka bari ya taka jirginka. A watan Fabrairun 2017 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Tarabulus, ta ba masu gadin tekun Libiya jirage da horo da kuɗi don su riƙa yin tarewar da kansu. Libiya kuwa ba ta ma cikin yarjejeniyar 1951. A watan Nuwamban wannan shekarar ce CNN ta nuna hoton bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya. Wanda ya ɗauki hayar ɗan dako ya zubar masa da shara a ƙofar maƙwabci, sharar tasa ce ko ta ɗan dako?

Yadda iyakar Turai ta sauko Agadas

Nan ne maganar ta shigo gidanmu. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga 'yar'uwarta ba biza har kwana 90. A wancan lokaci, ɗan Kano ko ɗan Bamako da ke zaune a tashar Agadas bai karya dokar kowa ba. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan fasa-ƙwaurin mutane. A watan Nuwamba shugabannin Turai da na Afirka suka hallara a Malta, aka buɗe asusun kuɗi na musamman, Nijar ta zama ɗaya daga cikin manyan masu cin moriyarsa. Daga 2016 jami'an Nijar suka fara kama direbobi da ƙwace motoci a arewacin Agadas. Tafiya ba ta tsaya ba. Direbobi suka bar hanyar da aka sani mai rijiyoyi da shingayen jami'ai suka shiga ƙungurmin rairayi, inda in mota ta lalace babu mai wucewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar. Ko kana son sojan ko ba ka so, shekara takwas ɗin nan suna buƙatar marubuci.

Ga kuma Asamaka. Jami'an Aljeriya suna kwaso baƙaƙen fata daga biranenta a manyan motoci, su sauke su a wani fili a bakin iyaka, su nuna musu kudu. Daga nan zuwa Asamaka tafiyar kilomita 15 ce a ƙasa, da mata da yara da marasa lafiya. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa mutum fiye da 13,000 Aljeriya ta yi wa haka cikin wata 14. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da 30,000 a 2024 kaɗai. Da yawansu 'yan ci-rani ne, na yarda. Amma tunda a jimlace aka kwaso su, wa ya tantance? Kuma da yawa daga cikinsu ba 'yan Nijar ba ne. Laifin Nijar kawai shi ne ta nan suka bi, ko kuma ana zaton ta nan suka bi.

Sai 'yan Sudan da ke Agadas, yawancinsu mutanen Darfur. Wasu sun bi ta Cadi, suka shiga Libiya, suka ga abin da ya fi ƙarfinsu, suka juyo kudu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ina son mai tambayar “ƙasar farko” ya nuna mini ta farkon a wannan tafiya. Cadi, wadda yau take ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 kullum ƙaruwa suke? Ko Libiya, inda ake sayar da mutum? A watan Mayun 2018 hukumomin Nijar suka kwashi fiye da 100 daga cikinsu suka kai su iyakar Libiya. A ƙarshen 2019 sauran suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A Janairun 2020 jami'an tsaro suka mayar da su sansaninsu da ƙarfi, sansanin ya kama da wuta, aka tsare ɗaruruwa. Har a 2024 da 2025 mazauna wannan sansani suna zanga-zangar lumana. Mutane ne da kowace ƙasa take nuna wa ta gaba da yatsa, shekaru suna wucewa, yaran da aka haifa a can sun isa shiga makaranta.

Laifi tudu ne

Kada wani ya ɗauka na zo zagin Turawa ne in tafi. Wannan ma wani nau'in ragwanci ne da muka iya. Mu taka namu tudun.

A Satumban 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sojojin Kamaru sun tilasta wa 'yan Nijeriya kimanin 100,000 da suka guje wa Boko Haram komawa gida tun daga 2015. A Janairun 2019, bayan harin da aka kai garin Rann na jihar Borno, kimanin mutum 9,000 suka tsallaka Kamaru, Kamaru ta juyo da su. Mun ji zafi, kuma muna da gaskiya.

Amma a Janairun 2018 jami'an tsaron Nijeriya sun kama Sisiku Julius Ayuk Tabe da abokansa a wani otal a Abuja, gwamnatinmu ta miƙa mutum 47 ga Kamaru, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka nemi mafaka a hukumance. A Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce abin da aka yi ya saɓa wa doka. Wannan bai dawo da su ba. A watan Agustan shekarar kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da wasu tara ɗaurin rai da rai. Ba sai ka goyi bayan masu neman ɓallewa ba kafin ka ga cewa sashe na 33 ɗin da muke yi wa Kamaru kuka da shi, shi muka taka da ƙafarmu.

Kuma cinikin bai tsaya a Sahara ba. A Afrilun 2022 Birtaniya ta ƙulla da Ruwanda cewa za ta riƙa tura mata masu neman mafaka. A Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce shirin haramtacce ne, domin akwai haɗarin Ruwanda ta mayar da mutane inda suka gudo. Da sabuwar gwamnati ta soke shi a Yulin 2024, ministar cikin gida ta ce ya laƙume fam miliyan 700, kuma mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da yardarsu. A Yulin 2025 ministan harkokin wajenmu na lokacin, Yusuf Tuggar, ya fito ya ce Amurka tana matsa wa ƙasashen Afirka su karɓi 'yan Benezuwela da take kora, kuma Nijeriya ba za ta karɓa ba. Wata biyu bayan haka Gana ta tabbatar ta karɓi mutum 14 daga Amurka, akwai 'yan Nijeriya a ciki. Kasuwa ce ta buɗe, kuma hajar da ake ciniki mutane ne.

Mu da aka taɓa buɗe wa ƙofa

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ji Bazazzagi yana tambayar me ya hana mai gudu tsayawa a garin farko. Ka fita ta kowace ƙofa ta ganuwar nan ka tambayi tarihi. Lokacin da mulkin Zazzau ya sauya hannu a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau da jama'arsa sun fita ne suka yi kudu, suka bi ta Kauru da Kajuru, ba su sami wurin zama ba sai a Zuba. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau muke kira Suleja. Ba shari'ar wa ke da gaskiya a wancan yaƙi nake yi ba. Cewa nake yi da an tsare su a garin farko da hujjar nan ne rabonsu, da babu Suleja. Katsinawan da suka rasa birninsu a wancan zamani su ne suka kafa sarautar Maraɗi.

Bayan shekara ɗari kuma abin ya juyo kan jikokin waɗanda suka yi nasara. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran, suka ratsa ƙasa bayan ƙasa har suka zauna a bakin Nilu kusa da Sinnar. Garin yana nan a Sudan da sunansa, Mai Wurno. Kakannin mutanen Sudan ba su ce musu ku koma Barno ko Wadai, can kuka fara ratsawa ba. Yau 'ya'yan Sudan ne a Agadas, mu kuma muna rubuta su a matsayin ɓata-gari.

Ba ma sai mun je tarihi ba. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakawa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Talakawan ƙauyukan Gidan Runji ne suka fara raba hatsinsu da su kafin wata hukuma ta iso, daga baya aka matsar da wasu Garin Kaka da Cadakori nesa da iyaka. Idan gobe 'yan bindigar suka bi su can, ɗayansu ya ƙara gaba zuwa Agadas ko Tamanrasat, shi ma makwaɗaici ne?

Ga masu ja da ni

Za a ce kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta. Tabbas. Tana da ikon ta tsayar da mutum, ta bincike shi, ta saurare shi, in ta ga ba ɗan gudun hijira ba ne ta sallame shi bisa doka. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta tsallake sauraron. Ita ta ɗaure kanta da wannan igiya, babu wanda ya tilasta mata.

Za a ce da yawa ƙarya suke yi. Akwai masu ƙarya, kamar yadda akwai su a kowace kotu. Ban taɓa jin alƙalin da ya rufe kotu don wasu masu ƙara maƙaryata ne ba.

Za a ce dole a sami tsarin da zai faɗi wace ƙasa ce za ta saurari wa, in ba haka ba kowa sai ya zaɓi inda ya fi maiƙo. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ban ƙi a yi tsari ba. Amma tsarin adalci yana da sharuɗɗa: ƙasar da za a tura mutum ta yarda za ta karɓe shi, tana da hukumar da za ta saurare shi da gaske, ba za ta tura shi baya ba, zai iya aiki ya sa 'ya'yansa a makaranta, kuma a duba inda iyalinsa suke. Aminci ba rashin ƙarar bindiga kaɗai ba ne. Wanda ya shekara bakwai a tanti yana jiran takarda bai isa ko'ina ba tukuna. Sannan a tuna, bisa alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya, kimanin biyu bisa uku na 'yan gudun hijirar duniya suna zaune ne a ƙasashen da ke maƙwabtaka da nasu. Yawanci sun riga sun tsaya a ƙasar farko. Ɗan ragowar da ya wuce gaba shi ne ake ta wannan kururuwa a kansa. Dokar “ƙasar farko” zalla, in aka bi ta ƙarshenta, ma'anarta Cadi da Nijar da Yuganda su ɗauki kowa har abada, masu kuɗi su aiko da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto.

Abin da nake nema a wurinmu

Ban ce ku mayar da labaranku takardar lauya ba. Ban kuma ce a daina gargaɗin matasa kan haɗarin hanya ba, haɗarin gaskiya ne. Amma gargaɗin da ya ɓoye wanda ya ƙara wa hanyar haɗari rabin gaskiya ne. Idan wata ƙungiya ta sa gasar rubutu kan “illar ƙaura”, ku tambayi wa ya ba da kuɗin, da kuma irin ƙarshen labarin da yake son gani. Ku shiga in kuna so, amma ku shiga da ido buɗe.

Ku bambance mutanen nan uku a rubutunku. Ku ba tauraronku dalilin fita wanda ya fi “yana son ya yi kuɗi”. Ku sa jami'in da ke riƙe da hatimi a cikin labarin, ku ba shi fuska da iyali da uzurinsa, domin shi ma mutum ne, kuma a teburinsa ake yanke hukuncin. Ku rubuta direban Agadas da aka wayi gari sana'ar ubansa ta zama laifi. Ku rubuta matar Gidan Runji da ta raba tukunyarta biyu. Ku rubuta jira, domin yawancin rayuwar mai neman mafaka jira ce, ba gudu a mota ba. Wanda ke son bincike, Maraɗi ba nisa gare ta ba daga Katsina, kuma harshenmu ɗaya da mutanen da abin ya shafa. Wannan gata ce da marubucin Landan ko Paris ba shi da ita.

Daga ƙarshe, ga aikin gida ga duk mai rubutu kan wannan batu. Ɗauko abin da ka rubuta, ka ja layi a ƙarƙashin kowane “an” da kowane “aka”. A kan kowanne ka tambayi kanka: na san wanda ya yi? In ka sani, sa sunansa: Aljeriya ta zubar, Kamaru ta juyo, Nijeriya ta miƙa, Italiya ta biya. In ba ka sani ba, rubutun bai nuna ba, koma ka bincika.

Fili a buɗe yake. Mai ja ya zo da hujja, da shekara, da lambar sashe. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya sa kada mu wayi gari muna ƙwanƙwasa ƙofar wani.

Ɗan'uwanku, daga cikin birnin Zariya.